Inna Sha-Biyar da Minti Casa'in

Shekara bakwai muka yi ni da Inna Sha-Biyar a benci ɗaya, kafaɗa da kafaɗa, muna zuba jiragen ruwa a leda. Idan na faɗa wa mutane haka sai su ɗauka zolaya nake, don an san ni da baki. To ba zolaya ba ce. Jiragen na katako ne, kowanne bai wuce gaɓar ɗan yatsa ba, kuma aikinmu ke nan daga ƙarfe takwas zuwa huɗu: a ƙirga, a zuba, a liƙe bakin leda, a jefa a kwando.

Kamfanin namu ba wani babba ba ne. Doguwar rumfa ce mai rufin kwano a bayan tashar manyan motoci, da fanka uku, ɗaya ta mutu tun kafin a ɗauke ni aiki. Wasu mutane a wata ƙasa, waɗanda ba mu taɓa sa su a ido ba, su suka ba Manaja kwangilar haɗa musu wani wasa na kwali. Kaya su zo a buhuna, mu haɗa, kwantena ta zo ta kwashe. Iyakar saninmu da wasan shi ne hoton da ke jikin murfi: teku shuɗi, tsibirai, da wani mutum a tsaye a goshin jirgi ya kare ido da hannu yana hangen nesa. An ce wasan fatauci ne da kafa gari, ana musayar katako da hatsi da auduga, ana fita neman sabuwar ƙasa. An ce dai. Mu ashirin da wani abu a rumfar nan, babu wadda ta taɓa buga shi.

Kowace leda jirgi goma sha biyar ne masu launi ɗaya, launukan kuwa huɗu ne: ja, fari, shuɗi da ruwan goro. Daga nan sunanta ya fito. Da Manaja ya kawo ƙaramin sikeli ya ce a daina ƙirga, a riƙa aunawa kawai, kowa ta yi murna sai ita. Ta ture nata gefe ta ɗora kofin shayinta a kai. Ta ce sikeli bai san jirgin da filafilansa ya tsage ba, shi dai nauyi ya sani. Haka ta ci gaba, biyar-biyar sau uku, leɓɓanta suna motsi babu sauti. Kuma akwai wata ɗabi'a tata da ta fi ba ni haushi: kafin ta liƙe leda sai ta jera jiragen duka su fuskanci gefe ɗaya. Na ce, "Inna, wa zai gani? Da an buɗe zubewa za su yi." Ta ce, "Tafiya ce mai nisa, Rediyo. Gara su tafi a shirye." Ita ta raɗa min Rediyo, wai ba a kashe ni sai wuta ta ɗauke.

Inna ba mai yawan magana ba ce, don haka abin da na sani na rayuwarta tsintarsa na yi kaɗan-kaɗan, kamar mai tsince shinkafa. Mijinta mai gyaran agogo ne, yana da ɗan teburi mai gilashi a ƙarƙashin benen wani kanti. Da idonsa ya fara gazawa, mutane kuma suka koma duba lokaci a waya, sai ita ta fito neman aiki, tana da shekara hamsin da ɗoriya. Ta riga ni shiga rumfar da shekara huɗu. Boko ba ta yi nisa ba, amma lambobi da agogo kam ba a yi mata wayo. Agogon bangon da ya bari a ɗakinta har yau ba ya ƙarin minti ba ya ragi, ita ke ba shi wani, ta murɗa makullinsa, duk ranar Lahadi.

'Ya'yanta uku. Babbansu direban babbar mota ne, yakan yi sati biyu a hanya; ba ta kama sunansa, Yayansu take cewa. Ta tsakiya tana aikin jinya a asibiti, kowa Nas yake ce mata har uwarta. Sai Auta, mai gyaran waya a wata ƙaramar rumfa. Kada wani ya ɗauka yaran banza ne. Ba su bar ta da yunwa ba, ba su bar ta da ciwo ba. Yayansu yakan sauke mata buhun shinkafa a bakin ƙofa, Nas ta auna mata jini, Auta ya goge mata tarkacen da ya cika wayarta. Abu ɗaya ne: ɗai-ɗai suke zuwa, kuma kowa ƙafarsa ɗaya a waje.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Lokacin da mai agogo ya kwanta ciwon ajali, kwana uku ya yi a asibiti. Nas ta kira yayanta har ta gaji, shi kuwa yana can tafiyar kwana biyu da lodi a bayansa. Ya iso an riga an kai uban makwancinsa. A gaban jama'a, da idonta jawur, ta ce masa, "Ai da ka tsaya ka ƙarasa sauke kayanka." Daga ranar rashin magana ya zame musu zama. Idan ya ji tana gidan sai ya wuce, idan ta hango motarsa sai ta juya. Auta ya koyi raɓewa tsakani, ya sa kansa a waya. Shekara shida ke nan lokacin da nake ba ku labari.

Inna tana lura da zuwansu a agogon bango, kuma takan faɗa min da safe kamar mai ba da labarin ruwan sama. "Jiya Yayansu ya zo. Minti goma." Ko kuma, "Nas ta yi ashirin, amma biyar a ciki tana waya da asibiti." Ba ƙorafi take ba. Faɗa kawai take, hannunta yana ta biyar-biyar sau uku. Ni ce nake cika ina batsewa a madadinta, ita kuwa ta ce in rage murya.

Sanyin ƙashi ne ya raba ta da aikin. Yatsun suka fara ƙin lanƙwasa, jirgi ya riƙa suɓucewa. Wata Laraba ta ɗaga wata leda da ta riga ta liƙe, ta duba ta a haske, ta farke ta. Sha huɗu ne. Bayan azahar ta sake kama kanta da wata. Babu wanda ya gani, ko ni da ke gefenta sai da ta nuna min. Ta wanke kofinta, ta je ofishin Manaja da ƙafarta ta ce ƙarshen wata za ta ajiye. Ya ce ta yi amfani da sikeli mana, ta ce a'a, ta gode.

Yanzu ga inda na shigo da ƙafar hagu. Ranar sallamarta Manaja ya ce yana so a ba ta abin tunawa, ya fito da agogon bango sabo a kwalinsa. Na buɗe bakin nan nawa na ce, "Ranka ya daɗe, agogo za ka ba matar mai agogo? Shekara goma sha ɗaya tana tura jirage ƙasashen mutane, ko ɗaya ba ta da shi. A ba ta kwalin wasan mana." Mata suka tafa. Manaja, wanda waya ke jiransa, ya ce in shiga sito in ɗauko. Na zaɓo mai kyan kusurwa, a naɗe cikin ledarsa yana ƙyalli, na miƙa mata ina jin kaina kamar wadda ta yi abin kirki. Agogon kuwa ya koma durowar Manaja.

Bayan sati biyu na je gaishe ta. Ɗaki da falo take zaune a hawa na biyu, a wani tsohon bene mai matakala ashirin da shida. Na sani don ita ta ƙirga min. Falon ba shi da komai sai teburi ɗaya mai gajeriyar ƙafa da aka tokare da kwali, kujeru biyu, da agogon. Na same ta da kwalin wasan a cinya, ba ta ko cire ledar ba, tana duba gefensa da tsohon gilashin mijinta.

"Rediyo, zo ki duba min. Waɗannan kawunan mutane ne ko?"

Na duba. Wasu 'yan kawuna ne aka zana, da lamba a ƙasa. Na ce, "Mutum uku zuwa huɗu ke bugawa."

"Ba a yi da biyu?"

"Ga shi sun ce uku."

"Wannan kuma agogo ne. Casa'in." Ta kalli bango. "Awa ɗaya da rabi ke nan. Kuma idan an fara ba a tashi sai an gama, ko?"

Na ce haka nake zato. Ta gyaɗa kai, ta shafa ledar da tafin hannu. A nan na gane abin da ta gani. Mu mun ba ta kwali, ita kuwa ta ga mutum huɗu a teburi ɗaya na minti casa'in, da dalilin da ba zai sa kowa jin kunya ba. Ta lissafa da yatsun nan masu ciwo: Yayansu, Nas, Auta, da ita.

Na ce mu buɗe mu ga yadda yake tukuna. Ta janye shi daga hannuna. Ta ce ita ta fi kowa sanin abin da ke faruwa idan an buɗe kwali: yau jirgi ɗaya ya shige ƙarƙashin gado, gobe biyu. A bar shi sai ranar. Na ƙyale ta, don magana ce ta mai sana'a, ba ta da abin musu.

Wata huɗu ta yi tana haɗa ranar. Ba ta ce wa kowa ta yi kewarsa ba; Inna ba ta iya irin wannan maganar ba, da ta faɗe ta gara ta hau benen nan sau goma. Abin da ta faɗa wa kowannensu iri ɗaya ne: kamfani ya ba ta kaya, ba ya buguwa sai da mutum uku ko huɗu, tana so ta ga abin da jiragenta ke yi kafin hannun ya ƙarasa mutuwa. Ta sami kalandar wani kantin magani ta rataye kusa da agogo, tana sa alama da biro: ranakun da Yayansu ke gari, ranakun hutun Nas, ranar da Auta zai iya barin rumfa. Karo na farko mota ta lalace a hanya. Karo na biyu aka canza wa Nas aiki. Duk lokacin da rana ta rushe sai ta ja layi a kai, ta buɗe shafin gaba. Na uku ya tsaya a wata Asabar, ƙarfe uku na yamma.

Ni na kawo kujeru biyu daga gidana, na hau da su ɗaya bayan ɗaya ina haki, maigidana yana tambayar ko gwanjo na fara. Na same ta ta goge teburin, ta canza kwalin da ke ƙarƙashin ƙafarsa, ta cika filas da shayi, ga biskit a faranti. Na ce bari in tafi kafin su zo. Ta ce in zauna a bakin ƙofar kicin in riƙa zuba shayi, "amma ki kashe rediyon."

Auta ya fara zuwa, sai Nas da jakarta a kafaɗa. Da aka ji takun Yayansu a matakala, mai nauyi, sai na ga Nas ta gyara zama ta kama duba farcenta. Ya yi sallama, ya durƙusa ya gaida uwarsa. Nas ta ce, "Yaya, ina wuni," ya ce, "Lafiya," kamar waɗanda suka haɗu a layin famfo. Inna ta nuna wa kowa kujerarsa. Na ga ta ɗaga ido ta dubi bango: uku da minti goma.

Ta ba Auta wuƙa ya yanka ledar. Ƙamshin sabon kwali ya cika falon, ƙamshin da na sha shekara bakwai ban taɓa jin daɗinsa ba sai ranar. Auta ya buɗe ɗan littafin da ke ciki, ya ga zanen yadda ake shimfiɗa tekun, ya fara ba da umarni. Akwai dogayen kwalaye da ake sarƙafa su su zama gefen teku, sai a cika tsakiya da wasu masu kusurwa shida, shuɗi-shuɗi. Teburin ƙarami ne, in an tura nan sai can ya buɗe. Yayansu ya danna gefe ɗaya da manyan hannuwansa, ɗaya gefen ya zame. Sai na ji Nas ta ce, "Yaya, riƙe can, ni in tura nan." Ya riƙe, ta tura, abin ya shiga ƙas. Shekara shida ba ta faɗa masa wata magana da ta wuce gaisuwa ba. Na zuba shayi har ya zube a faranti.

Ledojin jiragen Inna ta ce ita za ta buɗe. Ta ɗaga ta farko a haske, ta yi murmushin da ban taɓa gani a fuskarta ba. Duka sha biyar ɗin gefe ɗaya suke fuskanta. "Nawa ne," ta ce. A cikin dubban kwalayen da ke sito, hannuna ya faɗa kan wanda ita ta zuba. Ta ba Yayansu ja, Nas fari, Auta shuɗi, ta ajiye wa kanta ruwan goro. Kowa ya jera nasa a gabansa.

Auta ya ɗauko wasu kwalaye takwas ya kife su a can ƙarshen tekun. Ya ce waɗannan tsibirai ne, doka ita ce ba a juya su sai jirginka ya isa wurin, sannan ka ga abin da Allah ya ba ka, ko daji ne, ko gona, ko ruwa ne kawai. Yayansu ya yi dariya a hanci ya ce ashe irin aikinsu ne, ka yi ta tafiya ba ka san abin da za ka tarar ba. Nas ta ce ita fa ba ta yarda da Auta ba, ya ga ƙasansu lokacin da yake kifewa. Auta ya rantse. Inna ta haɗa hannuwa a cinya tana kallonsu ɗaya bayan ɗaya, ta manta da bango.

"To," in ji Auta, yana bin rubutu da yatsa. "Kowa zai fara ajiye gidansa a bakin gaɓa. Daga gidan ne jirgi yake tashi." Ya leƙa cikin kwalin. Ya ɗaga takardar ƙasa. Ya girgiza shi. "Ina gidajen?"

Ya juya murfin, ya kai shi kusa da ido, ya karanta wani ƙaramin rubutu a kusurwar ƙasa, inda ni da Inna muka sha ɗora yatsa ba mu san magana ba ce.

"Inna, ina ɗaya kwalin?"

"Wane ɗaya?"

"Uwar wasan. Wannan ƙari ne a kanta. Gidaje, da katunan fatauci, da dayis, da babbar ƙasar da ake farawa daga ita, duk suna can. Sun rubuta a nan, ba a buga wannan shi kaɗai."

Inna ta juyo ta dube ni. Ni kuwa na dubi filas. Wallahi ban sani ba, kuma babu wadda ta sani a rumfar nan. Ashe ƙarin kawai aka ba kamfaninmu, uwar a wata ƙasa ake haɗa ta. Mai zuba jirage ta san jirage, mai jera teku ta san teku, mai rufe kwali ta san murfi. Ba mu taɓa tambayar daga ina jiragen za su tashi ba.

Na kunna rediyon duk da an hana ni. Na ce a yi gidaje da murafen kwalba, in sauka in aro dayis na lido wurin maƙwabta. Auta ya ce ko an yi haka babu katuna, kuma littafin ma rabi ne, ko'ina cewa yake a duba dokar da ke cikin uwar. Ya ajiye shi. Hannunsa ya tafi aljihu da kansa ya fito da waya.

Nas ce ta yi magana, kuma na rantse ba da mugunta ta yi ba, tausayi ne ya fito mata ta hanyar da ta saba. "Haba Inna. Shekara goma sha ɗaya kina zuba abu a leda, ba ki san ba ya aiki shi kaɗai ba?"

Yayansu bai ɗago ba ya ce, "Ke dai ba ki iya barin magana ta wuce ki ba."

Ta ce, "Ni dai ina zuwa a kan lokaci."

Agogon mai agogo yana ta aikinsa. Inna ta miƙa hannu ta gyara wani jirgi fari da ya karkace a gaban 'yarta. Nas ta tashi ta rataya jaka, ta ce dama akwai wadda ta roƙa ta riƙe mata aiki. Yayansu ma ya miƙe, ya tsaya yana juya makullin mota a yatsa, ya rasa inda zai sa idonsa. Sannan ya ce, "Inna, kada ki damu. Ina ratsa manyan garuruwa, zan samo miki ɗayan. Idan na kawo sai a zauna a buga." Nas tana bakin ƙofa, ta ba mu baya. Ta ɗan tsaya ta ce, "Idan ya kawo, a kira ni." Suka sauka, ita a gaba, shi ya bari sai da takunta ya ɓace. Auta ya ci biskit ɗaya don kunya, ya bi su.

Inna ta dubi bango. "Talatin da huɗu," ta ce. Na fara tattara kofuna ina ba ta haƙuri, ina tsine wa bakina. Ta ce in bari, ba laifina ba ne. Na kai hannu zan kwashe tekun in mayar a kwali, ta riƙe min wuyan hannu. Ta ce a bar shi yadda suka shimfiɗa.

Ranar Litinin ban ko ajiye jaka ba na faɗa ofishin Manaja. Na zazzage masa abin da ke cikina. Ya ce shi ya ɗauka kowa ya sani, ai a rubuce yake. Na ce a rubuce da yaren wa? Ya ga ba zan fita ba, sai ya buɗe kabad ɗin bayansa. Ga ta nan, uwar wasan, samfurin da aka aiko masa tun farkon kwangila, ta yi shekaru a ƙarƙashin tsofaffin fayiloli. Ya ce in ɗauka in ba shi lafiya. Da aka tashi aiki na rungume ta na nufi gidan Inna, na hau matakala ashirin da shida ban tsaya ba, ina jin na wanke kaina.

Na same ta a kujera da farantin abinci a cinya, don teburin ba shi da wuri. Na ɗora mata kwalin a gabanta na ce, "Ga gidajenki, Inna. Ga ƙasa, ga komai. Kira su."

Ta ajiye farantin. Ta karɓi kwalin, ta auna nauyinsa a hannu, ta duba hoton: gonaki, da 'yan gidaje masu jan rufi. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta miƙo min.

"Mayar, Rediyo."

Na ɗauka ban ji daidai ba.

"Yayansu ya ce zai kawo. Nas kuma ta ce idan ya kawo a kira ta. Kin ji da kunnenki. Idan kika riga shi, shi me zai kawo?"

Na ce to ai da sauƙi, in kira shi a ɓoye in ba shi, ya shigo da shi kamar shi ya samo. Wa zai sani?

"Ni," ta ce. Ta ɗauki farantinta ta mayar cinya, amma ba ta ci ba. "Ba kwalin nake jira ba, 'yar nan. So nake wata rana yana cikin tafiya ya tuna, ya tsayar da motar nan tasa, ya shiga kanti ya tambaya. Ko bai samu ba, ya dai tsaya."

Na yi mata sallama. Na sauko da kwalin a hankali. Haushinta nake ji, da na 'ya'yanta, da nawa, kuma a hawa na ɗaya sai da na zauna a matakala na share ido.

Wata bakwai ke nan. Kwalin yana ƙarƙashin gadona, lambar Yayansu tana cikin wayata, na sha buɗe ta in rufe. Ya zo sau biyar a tsakani, in ji Inna, da shinkafa. Sau ɗaya ya dubi teburin ya ce bai manta ba. Nas tana zuwa auna jini, tana ajiye jakarta a ƙasa don kada ta taɓa tekun. Duk ranar Lahadi, bayan Inna ta ba agogo wani, takan bi shuɗɗan kwalayen nan da ƙyalle, ta ɗaga jirage sittin ɗaya bayan ɗaya ta goge ƙarƙashinsu, ta mayar da kowanne gaban kujerar mai shi.

Makon jiya na je. Muna hira sai hannuna ya kai kan ɗaya daga tsibiran nan takwas da ke kife. Na ce, "Inna, ko ɗaya ba ki leƙa ba? Ke kaɗai ce fa a ɗakin nan."

Ta ce, "Auta ya ce sai jirgi ya isa."

Maigidana ya sake tambayata kujerunmu biyu, ya ce baƙi suna zuwa suna zama a hannun kujera. Na ce masa ana amfani da su.